Faɗin Yatsa a Bargon Hajja

Sai da na shekara uku a Sabha, a kudancin Libiya, kafin na san cewa yatsuna suna da kauri. Da su nake tuƙa tuwo, da su nake zura zare a allura tun ina budurwa a shagon ɗinkin kawuna a Damagaram, kuma ba wanda ya taɓa kushe mini su. Wata tsohuwa ce mai rabin gani ta sa na zauna ina kallonsu kamar na aro.

Mijina ban-ruwa yake yi a wata gona a Samnu. Ranar Alhamis da la'asar yake shigowa gari, Asabar da safe ya koma, don haka yawancin kwanakina da matar da muka kama ɗaki a gidanta nake yin su. 'Yar ƙasa ce, baƙa kamar ni, siririya, kowa a unguwa Hajja yake ce mata. Kakarta ta wajen uwa ayari ne ya kawo ta daga ƙasar Hausa tana yarinya, kuma abin da Hajja ta gada daga gare ta Hausa ce da son yaji. Hausar tata ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Ranar da na sauke kayana ta dube ni ta ce, "Kai ne matar mai gona? Zo ka sha shayi." Sai da na waiga bayana ina neman namijin da take kira. Cikin wata guda na saba, har na daina jin abin a kunnena.

A ƙarƙashin rumfar tsakar gida take ajiye kekenta na ɗinki, na ƙafa, baƙi, wanda zanen jikinsa ya goge saboda yawan taɓawa. Ni da na lantarki na koya, saboda haka na raina shi a fili. Na ce mata a garinmu an daɗe da sallamar irinsa. Ta ce, "Bahi," wato to, ta ci gaba da fifita gawayin shayinta. Da rana tsaka kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke kamar yadda ya saba, sai ta hau keken ta fara takawa tana kallona ta gefen ido. Na daɗe ban ƙara zaginsa ba.

Mutanen gida idan an ce Libiya zafi kawai suke tunawa. Ba su san sanyin Sabha ba, wanda ke sa ruwan buta ya ciji hannu da safe. Barguna sun cika kasuwa, manya-manya masu hoton damisa da furanni, kuma Hajja tana da su har uku. Amma akwai wanda take haɗawa da kanta tun kafin in zo. Guntayen ƙyalle ne masu kusurwa huɗu, kowanne faɗin tafin hannu, ta yanka su da ma'aunin da ta fitar daga kwalin shayi. Akwai farar rigar Juma'a ta marigayi mijinta a ciki, da mayafin uwarta mai ratsin ja da baƙi, da shuɗin kayan makarantar 'ya'yanta, da wani ɗan koren yadi mai laushi wanda ta ce rigar 'yarta ce da ta rasu tana da shekara huɗu. Ta ɗinka rabi a hankali, layi ɗaya yau, wani sai bayan Sallah, ta naɗe ta sa a sanduƙi. Guntayen ɗaya rabin duk ta yanke su, suna jere cikin wani babban gwangwanin biskit suna jiran ranar da za ta ga dama.

Kafin ranar ta zo ido ya fara tafiya. Da farko kirana take yi in zura mata zare. Sannan wata safiya na same ta tana gai da tukunyar gas, a zatonta maƙwabciya ce ta shigo ta zauna. Muka yi dariya tare, amma da yamma ta sa na buga wa ɗanta waya. Ya zo daga Tarabulus inda yake aiki ya tafi da ita, suka yi kwana goma, ta dawo da leda cike da magani. Likita ya ce ba yanar ido ba ce balle a cire, ciwon suga ne ya ci cikin idon, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Kwana biyu da dawowarta ta sa na ɗauko gwangwanin na ajiye a tsakaninmu.

"Binti," haka take kirana, wato 'yata, "ido yana tafiya kullum kaɗan-kaɗan. Ni ina so na gani bargo duka, a shimfiɗe, sau ɗaya. Kai ka iya keke."

Na buɗe gwangwanin na juya guntayen. Na ce, "Hajja, wannan ai aikin kwana uku ne."

"Ni shekara takwas," in ji ta.

"Ke ba tela ba ce."

Ta yi dariya har ta sarƙe da tari. Na ji daɗin kaina a lokacin, kuma har yau idan na tuna maganar sai kunya ta kama ni.

Ashe haɗa guntaye ba ɗinkin riga ba ne. Tun ranar farko keken ya nuna mini iyakata. Na fara takawa ban riƙe bakin zaren sama da na ƙasa ba, sai ƙasan ƙyallen ya cika da curin zare kamar sheƙar tsuntsu. Na warware. Na ga keken yana jan ƙyallen a hankali, sai na kama ta baya ina taya shi ja, gunton ya miƙe ya karkace, ya tashi daga kusurwa huɗu ya koma wani abu marar suna. Hajja ta buge mini hannu. "Keke yana da haƙori, yana ci da kansa," in ji ta. "Kai raka shi kawai." Sau biyu na haɗa fuska da baya, domin tsohon yadin da ya sha wanki sai an kai shi rana kafin a gane fuskarsa. Ita kuwa da taɓawa take ganewa, ta shafa kawai ta ce in juya.

Abin da ya burge ni, ko da yake ban faɗa mata ba, shi ne yadda take tsara aikin. Ba a ɗinka biyu a yanke zare sannan a ɗauko wasu biyu. Ana haɗa su bibbiyu fuska da fuska a tara a gefe, sai a riƙa tura su ƙarƙashin allura ɗaya bayan ɗaya ba tare da an yanke zaren ba, su riƙa zubowa ta bayan keke a sarƙe kamar kayan shanya a igiya. Sai an gama a bi da almakashi a raba su. Bibbiyun su zama hurhuɗu, hurhuɗun su zama layi. Wajen guga kuma, layi ɗaya a kwantar da bakin ɗinkinsa dama, na biye da shi a kwantar hagu, don idan an zo haɗa layukan bakunan su shige juna, kusurwa ta sami kusurwa, allura ba ta ci karo da tudu ba. Na ƙi jin wannan a layukan farko, na kwantar da su duk gefe guda, allura ta hau tudun ta karye. Tsinin ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin shayinta. Ta tsamo shi da cokali ta miƙo mini, ta ce in ajiye in nuna wa kawuna.

Abu biyu ta gaya mini waɗanda na ji da kunne ɗaya. Na farko, faɗin bakin da ake bari tsakanin ɗinki da gefen ƙyalle. Ita ba ruwanta da santimeta. Ta ɗora ƙaramin yatsanta a gefen gunton ta ce, "Ka bar kamar wannan, kullum, kar ya ƙaru, kar ya ragu." Na ɗora nawa ƙaramin yatsan na ce na gane. Ban kalli nata ba, nawa na kalla. Na biyu, ta ce duk layin da na gama in ɗauko nata rabin daga sanduƙi in gwada tsawonsu. Sanduƙin kuwa yana ƙarƙashin tulin katifun zama na ɗakin baƙi, sai an sauke goma sha wani abu kafin a kai gare shi. Na ce zan yi. Ban yi ba ko sau ɗaya, ina ganin wadda ta ɗinka kayan amare ba ta bukatar gwaji a kan tsumma.

Na kuma ƙara da tawa iyawar. Kawuna ya horar da mu cewa cikin riga ya zama da tsabta kamar wajenta. Don haka duk layin da na gama sai in bi bayansa da almakashi in rage bakin ɗinkin, in daidaita shi siriri, in share ɓurɓushin in zubar. Ina yi ina yaba kaina. Wata rana Hajja ta ji ƙarar almakashin ta yi yawa, ta tambaye ni me nake yankewa. Na ce zare ne, don kar surutu ya yi tsawo.

Mako biyu aikin ya ci, ba kwana uku ba, kuma ban taɓa jin daɗin zama a Sabha kamar a makonnin nan ba. Da hantsi idan rana ta shigo tsakar gida sai mu fito, ni a kan keke, ita a tabarma tana juya shayi daga wannan butar zuwa waccan har ya yi kumfa, ta zuba mana gyaɗa a kofi na uku. Takan miƙo mini gunto ta haɗa da labarinsa. Farar rigar nan mijinta ne ya ƙona aljihunta da taba, ya ce tartsatsin gawayinta ne, suka yi kwana biyu ba sa magana. Shuɗin wandon nan ɗanta ya yaga shi a kan dabino, ya shigo gida da baya-baya don kar a gani. Idan koren ya zo hannunta kuwa, sai ta riƙe shi ɗan lokaci kafin ta ba ni. Na baro uwata a Damagaram, shekara uku ban ga fuskarta ba, kuma a bakin tabarmar nan ne kewar ta fara sassauta mini.

Ranar da na gama layin ƙarshe Hajja tana barcin rana. Na sauke katifun ni kaɗai, na ɗauko rabinta, na shimfiɗa shi kusa da nawa a tsakar gida don in ba ta mamaki. Kusurwar farko ta hau daidai. Ta biyu ta goce kaɗan. Ta goma ta goce da yatsa biyu. Da na kai ƙasa, nawa ya gaza nata da faɗin tafin hannu.

Na tsuguna na juya nata, na ɗora ƙaramin yatsana a kan bakin ɗinkinta, ya rufe shi har ya yi saura. Nan na gane. Yatsan Hajja siriri ne kamar alƙalamin kara, nawa kuwa na mai tuƙin tuwo ne. A kowane ɗinki na ci ƙyalle fiye da ita da ɗan abin da ido ba ya kamawa, kuma sau ashirin da uku na yi haka a kowane layi. Da ban rage bakin ba, da sai a warware a saki a sake ɗinkawa. Amma abin da za a saki ɗin na riga na yanke shi, na share, na zubar a bola.

Abin da na yi bayan nan ya fi kuskuren muni. Na ce a raina ai ba ta gani sosai. Na ɗauki rabi biyun na kai kan keke, ina jan nawa da ƙarfi yana miƙewa, ina tura nata yana tattarewa, har ƙarshensu ya zo daidai. Na yayyafa ruwa na danne da dutsen guga mai zafi. Daga nesa ba laifi.

Ta tashi, ta yi alwala, ta yi la'asar, na kawo shi na ɗora mata a cinya. Ba ta ɗaga shi ta duba ba. Ta sa hannu a tsakiya, ta bi ɗinkin daga sama da yatsu biyu, a hankali, tana tsayawa duk inda ya tattare. Da ta kai ƙasa ta koma sama ta sake bi.

"Nawa ya tattare, naka ya ja," in ji ta. "Me ya faru?"

Na faɗa mata duka, yatsan da sanduƙin da almakashin. Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Ta ce, "Kawo hannu." Ta laluba ƙaramin yatsana, ta jera shi da nata, ta daɗe tana murzawa. "Masha Allah. Wannan yatsa ya ci abinci."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka.

"Kuskure ba komai," ta ce, hannuna yana cikin nata. "Amma ka ce tsohuwa ba ya gani. Wannan ya yi zafi."

Na ɗauke bargon daga cinyarta, na je na nemo allura.

Kwana biyu na yi ina warware ɗinkin tsakiyar da tsinin allura, ɗaya bayan ɗaya, domin tsohon yadi ba ya son a taɓa shi sau biyu. Hajja ce ta kawo dabarar gyaran. Ta ce a sa dogon ƙyalle tsakanin rabi biyun don kusurwoyinsu su daina kallon juna, idan ya sauko ƙasa ya karya ya cike giɓin da ke ƙarshen nawa. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na ɗauki mayafina na ce bari in je kasuwa in sayo yadi mai kyau.

"Yadin kasuwa ba ya shiga," in ji ta. "Sai wanda mutum na gida ya sa a jiki."

"Zan wanke shi sau uku, Hajja, ba zai ja ba."

"Ba maganar ja ba. Shi bai san kowa ba."

Na san muryar, na ajiye mayafin. Muka shiga neman ƙyalle a gidan. Gwangwanin ya ƙare ƙaf. A sanduƙi ba sauran auduga, domin duk abin da ya cancanta ta riga ta yanka shi. Tufafinta na yanzu duk irin yadin nan ne mai santsi, wanda ke zamewa a ƙarƙashin allura, ba ya zama lafiya da auduga. Ɗanta ya yi alkawari a waya zai ba wani direba tsofaffin rigunansa ya kawo. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Yau a ce direban bai taso ba, gobe a ce ya manta ƙullin a gida.

Ido kuwa bai jira direba ba. Ta daina gane ni daga ƙofar ɗaki sai na yi magana. Ta fara bin bango da hannu idan za ta kewaya. Kowace safiya ina ganinta tana ɗaga tafin hannunta gaban fuskarta, tana matsar da shi tana gwada abin da ya rage, a zatonta ba na kallo. Abinci ya daina shiga mini. Mijina ya zo ranar Alhamis ya ce a kan tsumma nake ramewa, na ce masa ya koma wajen tumatirinsa tunda shi ya fi sani.

Wata safiya ina tsugune a gabanta ina tsiyaya mata shayi, gwiwata ta taɓa hannunta. Ta kama gefen zanena ta murza.

"Auduga?"

"Atamfa ce, Hajja. Tsohon zanen girkina ne, duk ya yi mai."

"Ya sha wanki?"

"Ya sha har ya gaji."

"A ina kake sa shi?"

"A nan gidan mana, a ina kuma?"

"Shekara nawa?"

"Uku."

"To kawo almakashi."

Na ajiye butar. Na ce, "Hajja, ke kika ce sai na mutanen gida."

"Ni na ce," in ji ta, ta miƙo kofin in ƙara mata.

Na shiga ɗaki na canza zane, na zauna a bakin gado da shi a hannuna na ɗan lokaci. Ba wani abin kirki ba ne, ruwan ɗorawa ne mai ƙarfi irin wanda ba ya jin wanki, ga tabon man ja a gefe. Shekara uku nake ɗaukar kaina 'yar haya a gidan nan, kuma ban san ranar da ita ta daina ɗaukata haka ba. Na wanke shi, na shanya, na goge, na yanka dogon tsiri daga inda babu tabo. Kafin in taka keken na kamo hannunta, na ɗora ƙaramin yatsanta a gefen allura, na ja layi da ƙusa a kan ƙarfen daidai faɗinsa. Ta ce na ɓata mata keke. Na ce ai dama an daɗe da sallamarsa, ta kai mini duka ta samu iska.

Kwana huɗu na ƙara. Na haɗa tsirin da rabinta, na gwada. Na haɗa shi da nawa, na sake gwadawa. Almakashi ban bar shi ya kusanci bakin ɗinki ba. Muka sa wani tsohon bargonta mai laushi a ciki, da farin zanen gadonta a baya, na bi layukan da ɗinki daga tsakiya zuwa gefe don kar ya tara iska, na kalmashe bakinsa ko'ina.

Da azahar na shimfiɗa shi a tsakiyar gida inda hasken ya fi ƙarfi, na je na kamo hannunta. Ta tsaya a kansa, ta sunkuya, ta karkata kai ta gefen idon da ke ɗan aiki. Na fara nuna mata, ga rigar Juma'a, ga mayafin, ga kayan makaranta. Ta ce in yi shiru. Ta daɗe a tsaye.

"Kin gan shi, Hajja?"

"Fari ya tafi," ta ce. "Shuɗi ya tafi. Duka ya zama toka."

Na toshe bakina da hannu. Na tuna makonnin da na ɓata. Da na sauke katifun nan sau ɗaya tak, da ta gan shi tun ido yana rarrabe launi.

Sai ta ɗaga hannu ta nuna tsakiyar bargon. Ta bi iska da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ta karya daidai inda zanena ya karya.

"Wannan ina gani," in ji ta. "Naka ina gani sosai."

Ta sunkuya ta laluba gefen bargon, ta ce in kama ɗayan mu naɗe shi mu kai ɗaki, kar rana ta ci launin.